Sola a Kan Rufin Gida: Ina Ribar Take?



Duk wanda ya hau bene a Kano ko Kaduna ko Katsina ya leƙa rufin gidajen unguwa, zai ga abin da ba a cika gani ba shekara goma da suka wuce, wato farantan sola suna ƙyalli a kan kwano. Wani gidan biyu, wani shida, gidan Alhaji kuwa sai an ƙirga da yatsa. A majalisa ma hirar ta canza. Da can gardamar wane janareta ne ya fi ƙarko ake yi, yanzu kuwa sai ka ji ana tambayar batirinka na ruwa ne ko litiyom, inbatarka tana ɗaukar firiza ko ba ta ɗauka. A yau ina so mu ajiye maganar ado da burgewa a gefe, mu ɗauki biro da takarda, mu duba ko wannan abu yana mayar da kuɗinsa, kuma wa yake mayar wa.

Kowa ya san abin da ya kora mutane zuwa sola, amma yana da kyau mu tuna da alƙaluman. Ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsar da shi cewa tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa naira 1,000. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo sama da 200 kaɗan. Sai kuma watan Oktoban 2024, da aka lalata turakun babban layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Ugwuaji da Apir shi ma ya samu matsala, Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Waɗanda suka sayi ƙanƙara ko suka kai waya caji a kwanakin nan ba su manta farashin ba. Duk wannan a ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 200, amma wutar da ake rabawa a babban layi ba ta cika wuce megawat 5,000 ba.

To, ga inda mutane da yawa suke kuskure a lissafi. Sai mutum ya ɗauko takardar bil ɗin NEPA, ya ce ni a wata dubu goma sha biyar nake biya, yaushe sola ta miliyoyi za ta mayar mini da kuɗina? In da bil ɗin NEPA za ka auna, to gaskiyarka, za a daɗe ba a mayar ba. Abokin gwajin sola a gidajenmu shi ne janareta, domin shi ne ke cin kuɗin da ba a rubutawa.

Bari mu yi misali da magidanci mai matsakaicin janareta, irin wanda ke ɗaukar fankoki da talabijin da firji. Mu ƙaddara yana shan lita 3 daga magariba zuwa lokacin kwanciya. Mu sa lita a naira 1,000 don lissafin ya yi sauƙi. Wanda ya saya ƙasa da haka ko sama da haka sai ya gyara da kansa. Naira 3,000 ke nan a dare, 90,000 a wata, sama da miliyan ɗaya a shekara. Ba mu sa baƙin mai ba, ba mu sa fulogi ba, ba mu sa kuɗin makaniki da ake kira duk lokacin da igiya ta tsinke ko kabireta ta toshe ba, ba mu kuma sa kuɗin janaretan kansa da zai mutu a sake sayen wani ba. Dalilin da ya sa ba a jin zafin wannan kuɗi shi ne da kaɗan-kaɗan yake fita. Yaro ya karɓi dubu uku da galan ya tafi gidan mai, gobe ma haka, jibi ma haka. Da a ce ranar ɗaya ga watan Janairu za a ce wa maigida ya ajiye miliyan ɗaya kuɗin man bana, da tuni ya ce a kashe injin kowa ya kwana a tsakar gida.

Akwai wata hanyar auna abin. Ƙaramin janaretan fetur da wuya ya ba ka yunit 2 na wuta daga lita ɗaya, sau da yawa ma bai kai haka ba, musamman idan kayan da aka ɗora masa ba su da yawa, domin yana shan mansa ko da ƙwan fitila biyu ne kawai a kunne. Ke nan yunit ɗin janareta yana tashi naira 500 zuwa sama. Wanda ke kukan Band A a kan naira 200 da 'yan kai, yana biyan fiye da ninkin haka a bayan ɗakinsa, da hayaƙi da ƙara a matsayin gyara.

Yanzu mu juyo ga sola. Allah ya hore wa yankinmu rana. Daga Sakkwato zuwa Maiduguri, a tsaka-tsakin shekara ana samun abin da ya kai awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi a kullum, fiye da abin da Legas ko Fatakwal ke samu, nesa ba kusa ba kuma fiye da Jamus, ƙasar da ta cika rufin gidajenta da farantai. Faranti mai wat 500, bayan an cire asarar zafi da ta waya da ta ƙura, zai iya ba ka wajen yunit 2 a yini. Wato faranti ɗaya yana yin aikin litar fetur ɗaya ko fiye a kowace rana, kuma masu ƙera na kirki suna ba da tabbacin shekara 25, a lokacin ma yana ba da wajen kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Farashin farantai a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, mafi yawa saboda masana'antun China. Shi ya sa duk da faɗuwar naira, daga 460 da wani abu kan dala a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, farantin bai fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba.

Idan wancan magidanci namu ya haɗa sola da za ta maye gurbin janaretansa, mu ƙaddara ta ci masa naira miliyan 3 da farantai da inbata da batir da waya da kuɗin aiki, to kuɗin mai na shekara uku ya biya ta. Abin da ya biyo baya rara ce. Bambancin janareta da sola kamar na gidan haya ne da gidan kanka: mai haya bai taɓa fitar da kuɗi mai yawa a lokaci guda ba, amma bayan shekara goma ba shi da ko bulo ɗaya, mai gini ya sha wuya a farko, gyaran rufi da yaɓe suna jiransa, amma ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa a ƙarshen shekara. Sannan ga wata ribar da ba a cika faɗa ba. Kuɗin farantin da ka saya bana ya tsaya a farashin bana. Fetur kuwa ba wanda ya isa ya faɗa maka nawa za a sayar da shi baɗi.

Sai dai, jama'a, mai sayar da sola a nan yake tsayawa da bayani, ni kuwa a nan nake so mu daɗe. Farantin ba shi ne matsala ba. Batir shi ne ramin da ribar ke faɗawa. Sau da yawa shi kaɗai yana cinye kusan rabin kuɗin aikin, kuma shi ne ke fara mutuwa. Batirin ruwa, wanda aka fi sani, idan an kula da shi yana iya yin shekara uku zuwa huɗu. Idan ba a kula ba, shekara ɗaya da rabi ya isa ya zama gwangwan. Kulawar kuwa ita ce kada a riƙa zuƙe shi fiye da rabi, a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa ruwan batir, ba na famfo ba, kuma kada a cusa shi a ɗakin da ba iska, domin zafi yana rage masa kwana, mu kuwa a watan Afrilu ma'aunin zafi yana haura 40. Batirin litiyom ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya shan kashi 80 na abin da ke cikinsa ba tare da an cutar da shi ba, kuma mai kyau yana kai shekara takwas zuwa goma. Wanda ya sayi na ruwa sau uku a cikin waɗannan shekarun, in ya tara rasit ɗinsa, zai ga wanda ya yi araha. A nawa ganin, wanda ke da halin litiyom ya saya ko da ƙarami ne, ya fi ya jera manyan na ruwa guda huɗu don baƙo ya gani.

Saboda haka lissafin da muka yi ɗazu bai cika ba sai an sa kuɗin batir na gaba. Ranar da aka kunna sola aka kulle janareta, kada maigida ya ɗauka dubu casa'in ɗin nan ta zama kuɗin cefane gaba ɗaya. Ya ware wani abu duk wata, ya sa a asusu ko ya zuba adashi, domin ranar canjin batir tana nan tafe, kuma da farashin dala na wannan ranar za a sayar masa. Gidaje nawa ne yau farantansu ke kan rufi lafiya lau, amma an koma jan igiyar janareta, don kawai batir ya mutu ba a shirya ba?

Dabarar da ta fi kowace rage kashe kuɗi ita ce a sha wutar tun rana tana sama. Yunit ɗin da ya fito daga faranti ya wuce kai tsaye cikin firiza shi ne mafi araha. Wanda sai an ajiye shi a batir an fito da shi da dare, ya ɗauko kuɗin batir a kansa. Don haka guga da rana, injin wanki da rana, tura ruwa daga burtsatse zuwa tanki da rana. Ruwan da ya hau tanki da azahar zai sauko da kansa da asuba, ba ya neman komai daga batir. Firiza idan ta yi aiki daga hantsi zuwa la'asar kuma ba a yawan buɗe ta, tana riƙe sanyinta har gari ya waye. Uwargida, wannan ɓangaren a hannunki yake. Ke ce kike gida lokacin da wutar take da yawa, ke ce kuma za ki hana yara kunna hita bayan isha'i. Na san gidajen da sola iri ɗaya aka sa musu, mai aiki ɗaya, rana ɗaya, amma batirin wani gidan ya ninka na ɗayan kwana, ba don komai ba sai don tsarin da matar gidan ta kafa.

Kafin ma a kira mai sola, a fara duba kayan da ke cikin gida. Fankar sama irin ta da tana cin wat 70 ko kusa da haka. Uku daga cikinsu, awa goma a dare, yunit 2 ke nan da ɗoriya. Sababbin fankoki masu cin wuta kaɗan suna yin aikin da wajen wat 25 zuwa 30. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, mai zafi kamar garwashi, ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haskensa. Canza fankoki uku da ƙwayaye goma bai kai kuɗin ƙarin batir ɗaya ba, amma yana iya rage girman solar da kake buƙata sosai. Dutsen guga kuwa da hita da risho na lantarki, kowanne yana neman wat 1,000 zuwa sama. Na'urar sanyaya ɗaki kuma magana ce daban. Mai son ta kwana a kunne ya san ba da wannan miliyan ukun muke magana ba.

Har yanzu kuɗin da ake tsimi muke ta faɗa. Akwai kuma kuɗin da ake samu. Matar da ke da firiza mai tsayayyar wuta a bazara, balle a ce azumi ya faɗo cikin zafi, ta san abin da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya suke kawowa. Da wutar NEPA, sana'ar caca ce: ta dama kunun aya da safe, a ɗauke wuta, kafin yamma ya yi tsami, uwa da riba sun tafi. Tela mai keken lantarki a zaure, mai aski, yaron da ke cajin waya a ƙofar gida, mai sayar da ruwa ga 'yan garuwa, duk waɗannan da rana suke aiki, lokacin da wutar sola ta fi araha. Gidan da ke da irin wannan sana'a shi ne ya fi kowa saurin mayar da kuɗinsa. Manya ma sun gano haka. Jami'ar Bayero ta ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, an sa wa shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano sola a ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara, REA, ga tashar megawat 10 ta Challawa da aka buɗe a farkon 2023. Fadar shugaban ƙasa kanta an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don sa sola. In mai rabon wutar ya fara shanya farantai a gidansa, kai da ke ƙarshen layi ba sai an yi maka dogon bayani ba. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma sun ɗanɗana: da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, alhali a lokacin daga nan suke samun kusan kashi 70 na wutarsu, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai tana cikin abin da ya rage musu raɗaɗi.

Amma fa ba kowa ne sola za ta ba riba ba, kuma gara a faɗa. Wanda yake Band A na gaskiya, wutar tana zama awa 20 kamar yadda aka yi alkawari, janaretansa har ya yi tsatsa, shi nasa mayar da kuɗin zai ɗauki shekaru masu yawa. Ƙaramin abu da zai riƙe masa fitila da fanka ya ishe shi. Wanda kuma ba shi da janareta tun asali, in an ɗauke wuta tocila yake kunnawa ya shimfiɗa tabarma a waje, shi babu kuɗin man da zai tsimi. In ya sa sola, barci mai daɗi ya saya da hasken karatun yara, kuma abin saye ne mai kyau, amma kada a ce masa jari ya zuba. A wasu ƙasashen mai sola yana sayar wa kamfanin wuta rarar da ya samu da rana, mita ta rubuta masa. A gidajenmu ba a saba da wannan ba, rarar da ba a sha ba ta tafi ke nan, don haka cika rufi da farantan da suka wuce buƙata asara ce. Sannan wanda ba shi da mita, ana kawo masa bil na ƙiyasi, ya sani kamfani ba ya leƙa rufinsa kafin ya rubuta. Ko ya nemi mita mai kati, ko ya je ofis a rubuce a cire shi daga layi, in ba haka ba zai wayi gari da bashin wutar da bai sha ba.

Sai maganar kasuwa. Araha ba ta ado, kuma a harkar sola araha tana iya ƙona gida. Akwai faranti da aka manna masa takardar wat 500 alhali bai kai 350 ba. Akwai batirin gwanjo da aka wanke aka sake masa fenti. Akwai mai aikin da zai sa siririyar waya inda ake buƙatar mai kauri, ya tsallake fiyus da na'urar kariya daga tsawa, don farashinsa ya fi na abokin takararsa sauƙi. Wayar batir idan ta yi zafi ba ta jiran kowa. Malam, kafin ka biya, ka sa a auna farantin a gabanka da rana tsaka, ka karɓi takardar garanti mai sunan shago, ka je ka ga aikin da mutumin ya yi a wani gida shekara biyu da suka wuce, ka tambayi mai gidan ba shi ba. A kafa farantan suna kallon kudu da ɗan karkata, inda inuwar darbejiya ko tankin ruwa ba za ta faɗa musu ba, domin inuwa a kan kusurwar faranti ɗaya tana iya jawo wa sauran 'yan layinsa raguwa. Da hunturu kuma, hazo yana rage rana, ƙura tana rufe gilashi. Bokitin ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi, sau ɗaya ko biyu a mako, suna dawo da wutar da wani zai je ya sayi ƙarin faranti don ya samu.

Abin da ya fi damuna a duk wannan lissafi shi ne wanda ya fi buƙatar ribar shi ne ba ya iya kaiwa gare ta. Mai miliyan uku a hannu ya huta da sayen mai. Mai shagon aski da ke sayen lita biyu kullum, wanda a shekara biyu zai ƙona kuɗin solar da ta ishe shi, ba shi da inda zai samo kuɗin a dunƙule, banki kuma in ya ba shi rance da ruwan da ya haura kashi 25 cikin ɗari, ruwan ya cinye ribar, ban da waɗanda addini ya hana su kusantar irin wannan rancen tun farko. Akwai kamfanonin da ke ba da ƙananan sola a biya kaɗan-kaɗan ta waya, suna taimakawa, sai dai mai saye ya tara jimillar abin da zai biya har ƙarshe ya gwada da farashin kuɗi hannu kafin ya sa hannu. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a Disambar 2023 don shirin DARES, da nufin kai wa 'yan Najeriya miliyan 17.5 wuta ta irin waɗannan hanyoyi. Muna so mu ga rabon Arewa a ƙasa, a unguwanni da ƙauyuka. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suna da tsarin saye su sayar maka a biya a hankali, kuma ban ga kayan da ya dace da wannan tsari kamar sola ba, tunda kuɗin man da aka daina saye shi ne zai riƙa biyan bashin. Ƙungiyoyin ma'aikata da na 'yan kasuwa da ke raba shinkafa da babura a kan bashi, su ma su duba. Ga gwamnati kuma, duk maganar hana shigo da farantai don a ƙarfafa na gida, a bari sai masana'antun gida sun iya wadatar da kasuwa a farashin da talaka zai iya.

Kafin wannan ya samu, mai ƙaramin ƙarfi ba sai ya jira miliyoyi ba. Ya fara da faranti ɗaya ko biyu da ƙaramin batir, su ɗauki fitila da fanka da cajin waya, amma ya sayi inbatar da za ta karɓi ƙari nan gaba. Mai haya ya sa a ɗaura masa ta yadda zai kwance ya tafi da kayansa, kuma ya yi magana da mai gidan a gaban shaida kafin a huda kwano. Daga daren yau kuma, a samu littafi a riƙa rubuta kowace lita da aka saya da kowace naira da aka ba makaniki, har wata ɗaya. Da wannan littafin za a je wurin mai sola.